Sanin ƙwallo ba zai biya maka bashin caca ba

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi mazaunin Kano, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 26, ina tsare wa yayana shagonsa na kayan waya. Tun ina yaro nake zuwa filin wasa na Sani Abacha, kuma na san gasar Firimiyar Najeriya ciki da waje: na san ƙungiyar da ba ta iya wasa a waje, na san wadda 'yan wasanta ke bin bashin albashi. Shekara biyu da suka wuce na fara buga cacar ƙwallo a waya da naira 200, har na taɓa cin 85,000. Yanzu asarata ta kusa 400,000, kuma 250,000 daga ciki kuɗin shago ne. Yayana bai sani ba, ƙarshen wata mai zuwa kuma zai yi lissafin kaya. Yawanci wasa ɗaya ne kawai yake yanke mini tikiti. Akwai wani a Telegram da ya ce zai sayar mini da sakamakon wasan da aka riga aka saya a kan naira 40,000. Ina roƙon ka nuna mini yadda zan gyara hasashena in mayar da kuɗin shago, daga nan in daina har abada."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na gode da ka faɗi adadin kuɗin yadda yake, kuma ka faɗi mai shi, domin da yawa daga cikin masu irin wannan damuwa sukan rage adadin ko da kuwa ga kansu ne. Sai dai dole in faɗa maka tun daga farko cewa ba zan koya maka gyaran hasashe ba. Ba rowa nake yi maka ba, kuma ba don ina ganin ba ka san ƙwallo ba ne. Dalilina shi ne asarar da ka yi ba daga ƙarancin sani ta zo ba, saboda haka ƙarin sani ba zai dawo da ita ba, kuma ina so in nuna maka hakan da lissafin da za ka iya maimaitawa da kanka a kan takarda.

Abin da ka lura da shi game da gasarmu ta cikin gida gaskiya ne. Mai masaukin baƙi yana da rinjaye a Firimiyar Najeriya fiye da yadda ake gani a manyan gasannin Turai, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ƙungiyar da za ta taso daga Maiduguri zuwa Uyo ko Fatakwal a mota tana isa ne a gajiye, ta taka filin da ba ta saba da shi ba, a gaban 'yan kallon da alƙalin wasa ma yake shakkarsu. Kai da ka girma a filin Sani Abacha ka fi ni sanin cewa Kano Pillars ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar, wasa 202 a jere, tun daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2 da 1. Ba banza ake kiranta Sai Masu Gida ba. To amma ka tambayi kanka: wannan abin da kai da duk mai zama a gidan kallo kuka sani, kana tsammanin kamfanin caca da sana'arsa ke nan bai san shi ba? Ya sani, kuma ya riga ya saka shi cikin farashin da yake sayar maka. Shi ya sa duk ranar da babbar ƙungiya za ta yi wasa a gida za ka tarar ods ɗinta, wato adadin da za a ninka kuɗinka da shi idan ka ci, ya yi ƙasa sosai, ta yadda ko ka ci ba abin kirki za ka samu ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce an ba mai gida ods 1.50, kunnen doki 3.80, baƙo kuma 6.00. A ce kana so ko yaya wasan ya ƙare a biya ka naira 10,000, sai ka zuba kuɗi a kan dukkan ukun. Za ka buƙaci naira 6,667 a kan mai gida, 2,632 a kan kunnen doki, da 1,667 a kan baƙo. Jimilla ka zuba naira 10,966, kuma duk abin da ya faru a fili 10,000 za a mayar maka. Wannan 966 da ta ɓace ita ce ribar kamfani, kusan naira 9 a cikin kowace 100, kuma ya riga ya cire ta tun kafin alƙali ya hura usur. Kamfanin ba ya buƙatar ya san wanda zai ci wasan. Abin da yake buƙata kawai shi ne mutane su ci gaba da zuba kuɗi. A ƙananan gasanni, inda bayanai suka yi ƙaranci, kamfanoni sukan faɗaɗa wannan rata ne don su kare kansu, wato gasar da kake ganin ka fi kowa saninta ita ce ake sayar maka da tsada.

Daga nan ne ainihin tarkon yake farawa. Tunda ods ɗin mai gida ba ya da auki, sai mutum ya haɗa wasanni takwas ko goma a tikiti ɗaya domin kuɗin ya yi kauri, tikitin da ba a biyansa sai an dace a dukkan wasannin. Abin da ba a faɗa maka shi ne, duk wasan da ka ƙara, an sake yankar maka wancan kason. Mu ƙaddara kai gwani ne da ke dacewa a wasa 6 cikin kowane 10, wanda shi ne daidai gwargwadon abin da ods 1.50 yake nufi idan aka cire ribar kamfani. Idan ka buga tikiti 1,000 masu wasa goma-goma, kowanne a kan naira 1,000, ka zuba miliyan ɗaya ke nan. Tikiti kusan 6 ne kacal za su fita lafiya, kowanne ya biya ka wajen naira 57,700, jimilla kimanin 346,000. Sauran kuɗin sun tafi, kuma 'yar garaɓasar da ake ƙarawa a kan dogon tikiti ba ta kusa cike wannan giɓi.

Yanzu ka dubi maganar da ka yi cewa wasa ɗaya ne yake yanke maka tikiti, domin a ganina ita ce jumlar da ta fi kowace muhimmanci a wasiƙarka. A cikin waɗancan tikiti 1,000, kusan 40 ne za su dace a wasa tara su faɗi a ɗaya. Wato ganin "saura ƙiris" ya ninka ganin nasara kusan sau bakwai, kuma haka lissafin yake ga kowa, da gwani da wanda ya rufe ido ya zaɓi masu gida. Kai kana ɗaukarsa shaida ce cewa ka kusa ƙwarewa, cewa da alƙali bai ba da wancan fanareti a minti na 90 ba da yanzu ka warke. Alhali kamfanin bai biya ka ko sisi a kan tara ɗin da ka dace ba, ya dai bar ka da zafin zuciyar da zai dawo da kai gobe. Dogon tikiti an gina shi ne domin ya riƙa haifar da wannan jin, kuma wannan jin ne ya kai hannunka cikin kuɗin shago.

Sannan ita kanta ƙwallo wasa ce da ake zura ƙwallaye kaɗan a cikinta, don haka abu ɗaya ƙarami yana juya sakamako: jan kati, santsin gola, ƙwallon da ta bugi turke. Pillars ɗin da ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022. Wanda ya fi kowa sanin ƙungiyar bai isa ya ce ga abin da za ta yi ranar Lahadi ba, sai dai ya ce ga abin da ya fi yiwuwa, kuma abin da ya fi yiwuwa shi ne aka riga aka saka wa farashi.

Mu zo kan mutumin Telegram. Ba zan ce maka ba a sayar da wasa ba, domin an yi, kuma a kusa da mu. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni da aka buga a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba FC 79 da nema, a daidai lokacin da Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, bayan an tafi hutun rabin lokaci ana 7 da nema a ɗaya, 6 da nema a ɗayan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta kuma haramta wa 'yan wasan taka leda har abada. A Ghana ma, a 2021, AshantiGold ta ci Inter Allies 7 da nema, kuma biyu daga cikin ƙwallayen ɗan bayan Inter Allies ne, Hashmin Musah, ya zura su a ragarsu da gangan, ya ce ya yi hakan ne don ya ɓata sakamakon da ya ji an shirya saboda masu caca. Daga baya aka hukunta ƙungiyoyin biyu da saukar da su rukuni na ƙasa. Ka lura da wannan misali na biyu da kyau: ko wasan da ake zargin an shirya, mutum ɗaya a cikin fili ya isa ya rushe shi.

Amma abin da ya fi wannan sauƙin ganewa shi ne, wanda yake da tabbacin sakamakon wasa ba ya buƙatar naira 40,000 ɗinka. Da kansa zai zuba kuɗinsa ya kwashe, kuma zai yi shiru, domin duk mutumin da ya ƙara sani yana rage masa riba yana kuma jawo hankalin hukuma. Yadda irin waɗannan mutane suke aiki tsohuwar dabara ce. Mutum zai tara lambobi 900, ya gaya wa 300 mai gida zai ci, 300 kunnen doki, 300 baƙo. Ko yaya aka tashi, mutum 300 sun ga ya faɗi daidai. Sai ya sake raba su gida uku a wasa na gaba, 100 su rage, a na uku kuma wajen 33. Waɗannan 33 sun ga mutumin da ya dace sau uku a jere a kyauta, kuma su ne za su biya da rawar jiki, har su kawo abokansu. Hotunan tikitin da ya ci da yake turowa kuwa, kai mai sana'ar waya ka san gyara su ba ya ɗaukar minti biyar. Idan ka biya wasan ya faɗi, ko dai ya toshe ka, ko ya ce an samu matsala da alƙali, ka ƙaro rabi a ba ka na mako mai zuwa. Kada ka tura masa komai, kuma kada ka tsaya jayayya da shi. In ma an ƙaddara gaskiya yake faɗa, to gayyatarka yake ka ci kuɗi daga cin amanar 'yan kallon da suka biya kuɗin ƙofa, irin waɗanda kake zama tare da su tun kana yaro.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne shirin da ka yi na cewa za ka mayar da kuɗin sannan ka daina. Kusan duk wanda caca ta cinye ya bi ta kan wannan jumla. Ka duba tafiyarka da kanka: ka fara da naira 200 don nishaɗi, yau kana tunanin 40,000 don sayen sakamako, wanda kuma dole ka ɗora masa wani babban kuɗi kafin ya fitar da 250,000. Daga ina wannan kuɗin zai fito in ban da shagon? Garin neman gira ake rasa ido. Bin sawun asara, da ƙara yawan abin da ake zubawa, da ɓoye wa na kusa, da taɓa kuɗin da ba naka ba, duk suna cikin alamomin da likitoci suke dubawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da caca cikin jerin cututtuka, a sahu ɗaya da sauran nau'o'in jaraba. Ban faɗi haka don in ɗauke maka alhakin abin da ka yi ba. Na faɗa ne don ka daina dogaro da ƙarfin zuciyarka kaɗai, tunda shekara biyu ke nan kana gwada shi.

Hukuncin addini kuwa na san ba baƙo ba ne a wurinka, shi ya sa ma ba ka tambaye ni shi ba. Zan tuna maka abu ɗaya kawai. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, da suka haɗa caca da giya, sun ambaci illolinta guda biyu: jefa gaba da ƙiyayya a tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Ka auna su da halin da kake ciki. Akwai wani abu da ya shiga tsakaninka da ɗan'uwanka na jini wanda shi bai ma san da shi ba tukuna, kuma ina kyautata zaton akwai la'asar da magaribar Lahadi da yawa da ka yi hankalinka yana kan sakamakon wasannin da ake bugawa a Aba ko Ikenne. Sannan ko da ka ci 250,000 gobe, da kuɗin caca za ka cike amanar yayanka, ka zuba su cikin jarin da yake ciyar da iyalinsa ba da saninsa ba. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma taka cacar a aljihunka take, babu mai rufe maka ita sai kai da wanda ka yarda ya taimake ka.

Wannan ya kawo mu ga abin da kake gudu, wato yayanka. Shawarata ita ce ka faɗa masa da bakinka, cikin wannan makon, kafin ranar lissafi. Kuɗin ɗaya ne ko ka faɗa ko ya gano, amma matsayinka a wurinsa ba ɗaya ba ne. Wanda ya zo da kansa ya ce na ci amana yana da abin da zai sake gina yarda a kansa, wanda aka kama kuwa ko ya rantse daga baya ana ganin don an kama shi ne. Kafin ka je, ka nemi bayanan asusunka na banki na shekara biyun nan, ka tattara duk abin da ka tura wa kamfanonin caca da duk abin da ya dawo, ka rubuta a takarda. Ka shirya ganin adadin da ya fi wanda ka faɗa mini, domin ƙwaƙwalwa tana riƙe 85,000 da aka ci ta manta dubu biyu-biyun da suka zube. Ka tafi da takardar, da kuma tsarin biya da za ka iya cikawa: nawa za a riƙa cirewa daga abin da yake ba ka duk wata, da abin da za ka iya sayarwa yanzu, ko da babbar wayarka ce. Idan kana tsoron zafin zuciyarsa, ka fara samun wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko limamin unguwa, ya zauna tare da ku. Kada ka kawo uzuri, kada ka ce wasa ɗaya ne ya yanke, kuma kada ka ɗora wa abokai. Zai yi fushi, yana da haƙƙin yin fushi, yana ma iya karɓe makullin shagon na wani lokaci. Ka ɗauki hakan a matsayin wani ɓangare na biyan bashin.

Ina gargaɗinka musamman game da manhajojin bayar da bashi na waya, domin na san tunanin zai zo maka cewa ka ranto ka cike giɓin kafin ƙarshen wata. Ruwan da suke ɗorawa yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma an san wasunsu da aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke cikin wayar wanda ya kasa biya. Sirrin da kake son rufewa da su, su ne za su kai shi ga yayanka da surukansa da abokan cinikinsa a rana ɗaya.

A ranar da ka yi magana da shi, ka roƙe shi ya tsaya a kanka ku rufe asusun cacar tare. Goge manhaja kaɗai ba ya wadatarwa, domin sake sauke ta minti biyu ne. Ka rubuta wa kowane kamfani ka nemi a rufe asusunka a kuma hana ka sake buɗewa, ka fita daga dukkan zaurukan hasashe na Telegram da WhatsApp, ka daina bin shafukan da ke tallata su a Facebook. Na 'yan watanni, kada kuɗin ciniki su riƙa shiga asusunka, su tafi kai tsaye asusun yayanka, kuma a riƙa lissafin shago kullum da yamma maimakon wata-wata. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kariya ce gare ka a ranakun da sha'awar za ta taso, kuma za ta taso, musamman ranakun wasa da ranar da kuɗi suka shigo hannunka. Idan ka ga ka koma duk da haka, ko barci ya ƙaurace maka, ko ka fara jin rayuwar ma ta ishe ka, kada ka jira: ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ka faɗa wa likita abin da ka faɗa mini, ba tare da rage komai ba.

Ba na so ka rabu da ƙwallo, domin ba ita ce ta cuce ka ba, kuma ina jin takaicin yadda caca take ƙwace wa matasa daɗin kallon da suka taso da shi, har mutum ya koma yana addu'ar kada ƙungiyarsa ta ƙara ƙwallo don tikitinsa ya tsira. Amma ka huta da bin sakamako kai tsaye a waya na wata biyu ko uku, tunda a nan tallan cacar yake jiranka. In za ka je fili, ka je da wanda ya san halin da kake ciki, kuma da kuɗin ƙofa da na mota kawai a aljihunka. Sanin da kake da shi na gasar cikin gida kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin masu sharhin Real Madrid da Arsenal da Hausa sun yi yawa, masu iya bayanin abin da ke faruwa a El-Kanemi Warriors ko Katsina United kuwa kaɗan ne. Idan hankalinka ya kwanta, za ka iya fara rubuta sharhin wasannin bayan an tashi, da sharaɗin ba za ka riƙa ba kowa hasashen caca ba, kuma ba za ka karɓi tallan kamfanin caca ba.

Amma wannan duk na gaba ne. Na wannan makon shi ne takardar lissafi da zama da yayanka. Ka sake rubuto mini bayan kun zauna, ka faɗa mini adadin da takardar ta nuna da abin da kuka tsayar a kan biya, sai mu duba tare ko tsarin zai yiwu da abin da kake samu. Allah Ya sassauta zuciyarsa a kanka, Ya kuma hore maka abin biya ta hanyar halal.